YARAN ASIBITIN ZANA: WA YA BUƊE ƘOFAR?

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga matasa a wani zama na bayan La'asar a garin Musawa. Mun rubuto maku shi kamar yadda aka yi shi, sai ɗan taƙaitawa. A sha karatu lafiya.



Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S), 'yan'uwa, yau magana nake so mu yi a kan wasu yara 11. Galibinku ba a ma haife ku ba lokacin da suka rasu. Da sun rayu, da yanzu magidanta ne da matan aure.

A shekarar 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, an yi annobar sanƙarau a Arewa. Ku tambayi iyayenku in kun koma gida, don nan ƙasar Katsina ma ba ta tsira ba. Sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka mutu. A Kano abin ya haɗu da ƙyanda da kwalara. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse. Likitocin nan na-gari-na-kowa, wato MSF, suna nan suna ba da magani kyauta, maganin da aka riga aka sani.

To, ana cikin haka sai ga wasu baƙi daga Amurka, ma'aikatan kamfanin Pfizer. Suna da sabon magani mai suna Trovan wanda suke so su kai kasuwa, suna neman yaran da za su gwada shi a kansu. Aka ba su wuri a cikin asibitin. Suka ɗebi yara 200, kusan rabi suka ba su Trovan, sauran suka yi masu allurar wani sanannen magani, amma suka rage yawan da aka saba bayarwa. Yara 5 suka mutu a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi kurame, wasu makafi, wasu da shanyewar jiki. Cikin 'yan makonni baƙin nan suka tattara komatsansu suka tafi, alhali annoba tana kan ganiyarta.

Adalci ne mu faɗi abin da kamfanin ya ce. Ya ce cutar ce ta kashe yaran ba maganinsa ba, kuma wai an yi wa iyaye bayani da baki sun yarda. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya masu gwaji ne. A 1999 hukumomin Turai suka dakatar da Trovan, na Amurka suka taƙaita amfani da shi, saboda yana lalata hanta.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Duk wanda ya tashi ba da wannan labari, a kan kamfani yake tsayawa, ya yi ta tsine wa Turawa har ya gaji. Ni ba zan wanke kamfani ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ya saɓo ɗansa a kafaɗa, wuyan yaro ya sanƙare, shin kamfani ya kai wa? Bai taɓa jin wani Pfizer ba! Asibitin gwamnati ya kai shi. Ya miƙa shi ga masu farin kaya ya koma gefe, domin a saninsa hukuma ce ta karɓi ɗansa. Daga wannan lokacin yaron nan amana ne a hannun mahukunta. To wa ya buɗe ƙofar? Wa ya ba da ɗakunan? Wa ya bari magani ya shigo ta filin jirgi har ya iso bakin yaro?

Shekara huɗu maganar ba ta fito fili ba. Sai a Disambar 2000 wata jaridar Amurka, Washington Post, ta tono maganar. Ka ji abin kunya: mutuwar 'ya'yanmu sai daga Amurka muka ji bayaninta. A nan ne aka gano cewa takardar da kamfanin ke nunawa, wadda wai kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya amince da gwajin, an rubuta ta ne daga baya aka mai da kwanan watan baya. A lokacin gwajin ma asibitin ba shi da wannan kwamiti. Hannun waye ya rubuta? Ba daga Amurka hannun ya zo ba.

Da abin ya fasu, gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi. Kwamitin ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya ce gwajin haramtacce ne, an yi shi da maganin da ba shi da rajista. Sai me? Sai aka ɗauki rahoton aka kulle. Shekara biyar yana kulle, iyaye suna jira, har 2006 da wannan jaridar dai ta same shi ta buga. Ku lura, 'yan'uwa, soja ne ke mulki ranar da aka buɗe ƙofa, farar hula ne ke mulki ranar da aka ɓoye rahoto. Kaki ya tafi, babbar riga ta zo, hali bai canza ba.

Sai a 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau da Gwamnatin Tarayya suka kai ƙara. A 2009 aka sasanta da Kano a wajen kotu kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, aka janye ƙararrakin. Miliyan 35 na yara da iyayensu, miliyan 30 na ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Ku lissafa da kanku: fiye da rabi bai nufi gidajen da aka yi makoki ba. Hukumar da ya kamata ita ma ta tsaya ta amsa tambaya, sai ga ta ta zauna a layin waɗanda aka zalunta. Iyaye kuwa aka ce sai an yi masu gwajin ƙwayar halitta a tabbatar 'ya'yansu ne. Sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Shekara 15 ke nan bayan an rufe yaran.

Na san wani zai ce, Malam, ai kwanansu ne ya ƙare. Haka ne, ba mai wuce ajalinsa. Uba in ya faɗi haka, imani ne da haƙuri, Allah ya ba shi lada. Amma mai mulki in ya faɗa, mafaka yake nema. A 2017 da sanƙarau ya dawo ya kashe sama da mutum 1,000, galibi a Zamfara da Sakkwato da nan Katsina, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, cewa ya yi azaba ce daga Allah saboda zunuban jama'a, alhali allurar rigakafin nau'in da ya ɓarke ba ta wadata ba. Jaririn goye wane zunubi ya yi?

Ku gwama da abin da aka ruwaito game da Halifa Umar (RA). Ya ji kukan wani jariri da dare, ya bincika, ashe uwar ce ke gaggawar yaye shi, domin baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Ba wanda ya kai shi ƙara, ba jaridar da ta tona. Shi da kansa ya ɗora wa kansa alhakin yaran da dokarsa ta cutar, da gari ya waye ya canza ta, kowane jariri ya sami kasonsa daga haihuwa.

Ɓoye gaskiyar nan kuma ba yara 11 kaɗai ta ci ba. A 2003 da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Kafin a dawo da ita a 2004 cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, yara da yawa suka gurgunce. Saboda haka kada wani ya tashi daga nan ya je ya hana a yi wa ƙannensa rigakafi ya ce ni na gaya masa. Ban ce ba. Wannan ƙarin gawa ne kawai.

Kada kuma ku ce labarin Kano ne, ya wuce. Makarantar kwana ma hannun hukuma ne. Ranar 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, nan kusa da mu, suka kora yara cikin daji. Bayan kwana shida aka sako 344, aka yi ta murna da ɗaukar hoto. Allah ne ya kiyaye. A Buni Yadi ta Jihar Yobe, a Fabrairun 2014, ɗalibai 59 aka kashe a makarantar Gwamnatin Tarayya, a ɗakunan kwanansu. Tambayar dai ita ce ta Asibitin Zana: wa aka damƙa wa ƙofar?

Ku ne kuka yi karatu a gidajenku, ku ake aike. In zafi ya shigo, wajen Maris da Afrilu, ka ga ƙaninka da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, kada ka jira gari ya waye, ɗora shi a babur ka kai shi asibiti. In ka je kada ka tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Tambayi sunan maganin cikin ladabi, ka rubuta. Rubuta rana da sunan wanda ya karɓe shi. Katin asibiti kada a yar, a sa shi inda Baba ke ajiye takardar gona. In aka miƙo takarda aka ce a dangwala, karanta wa tsoho tukuna. In kuma ta Allah ta kasance, a nemi takardar da ta faɗi sanadi kafin a ɗauko gawa, ko da ana gaggawar jana'iza.

Na ga Magariba ta gabato. Masu tambaya su miƙo takardunsu, mu amsa biyu ko uku kafin a kira salla.