ALLURAR GOGE TAMOJIN FUSKA: MENE NE A CIKINTA, NAWA AKE BIYA?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi bayan sallar Isha'i a cikin garin Dutse. Wakilinmu ne ya naɗo, ya rubuto mana. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa.

'Yan uwa, an nemi in yi magana a kan wata allura da ake ta tallarta a wayoyinku, wadda ake cewa tana goge tamojin goshi, ta mai da tsohuwa yarinya. Sunan da aka fi saninta da shi Botox. Na san wani zai ce, to mu matasa maza a nan Dutse ina ruwanmu da allurar matan Turawa da masu kuɗin Legas da Abuja? Akwai ruwanmu. Haka aka ce da man bilicin lokacin da ya fara shigowa, yau ga shi a cikin akwatin lefe. Abin da ya faro daga birni ba ya tsayawa a birni, sai ya zo kasuwar Shuwarin. Saboda haka gara mu san shi tun bai iso ba.

Da farko, mene ne a cikin allurar nan? Dafi ne. Ba zagi nake yi ba, sunansa ke nan a ilimin likita. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a cikin ƙasa, takan hayayyafa a cikin nama ko abincin gwangwani da ba a adana da kyau ba, ta fitar da dafin da ake kira botulinum, wanda yana cikin mafi ƙarfin dafin da ɗan Adam ya sani. A 1895 a wani ƙauye na ƙasar Beljiyam wasu makaɗa suka ci naman da aka adana da gishiri bayan wata jana'iza, suka kwanta, uku suka mutu. Daga ragowar naman nan wani masani mai suna Emile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar.

Yadda dafin ke aiki shi ne, duk lokacin da ka ɗaga gira ko ka haɗe rai, jijiya ce take aika saƙo ga tsoka ta ce mata motsa. To dafin nan sai ya tare saƙon, tsokar ta kasa motsi. Wato shanyewa ce. In ya yi yawa a jiki ya kai ga tsokar numfashi, mutum ya tafi. In kuwa aka ɗebi ɗan mitsitsi aka sa wa tsoka guda, ita kaɗai za ta shanye na wani lokaci.

Likitoci suka ga ai wannan zai yi magani. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, ya fara gwada shi ga masu harara-garke, kuma a 1989 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi ga wannan lalura da kuma ciwon da ke sa fatar ido ta riƙa matsewa da kanta. Daga baya aka ƙara da ciwon ɓarin kai mai naci, da yawan gumi, da yaran da gaɓoɓinsu suka sandare saboda lalurar ƙwaƙwalwa. Wannan alheri ne, babu mai musu.

To ina kwalliya ta shigo? A 1987 wata likitar ido a ƙasar Kanada, Jean Carruthers, ta lura cewa waɗanda take yi wa allurar a gefen ido tamojin tsakanin girarsu yana ɓacewa. Mijinta likitan fata ne, suka bi abin. A 2002 Amurka ta amince da allurar don kwalliya. Daga nan kasuwa ta buɗe, har ya zama a 2020 an sayi kamfanin Allergan mai yin Botox a kan dala biliyan 63. Ku riƙe wannan adadi, don ku san ba don tausayin tsofaffi ake tallar ba.

Abu na biyu, me take yi, me kuma ba ta yi? Ba ta gyara fata, ba ta mai da ƙuruciya. Tsokar da ke naɗe fatar ce take kwantarwa, sai wajen ya yi sumul. Tamojin da rana da iskar hunturu da wahalar gona suka zana wa mutum, wanda yana nan ko fuska ba ta motsa ba, wannan ba ta iya share shi. Aikinta yakan fara bayyana bayan 'yan kwanaki, ya cika cikin mako biyu, sannan bayan wata uku zuwa huɗu jijiya ta farfaɗo, tamoji ya dawo inda yake. Ka ga ashe ba saye ake yi ba, haya ce. In wa'adi ya cika sai ka sake biya.

Abu na uku, nawa ne kuɗin hayar? Ana sayar da ita ne da awo, wanda suke kira yunit. Tsakanin gira kaɗai yana cin yunit 20. A Amurka yunit ɗaya yakan kama daga dala 10 zuwa 20, wato dala 200 zuwa 400 ke nan a zama guda, ban da goshi, ban da gefen ido. Mu ɗauki tsakiya, dala 300. A canjin 2025, da dala take wajen naira 1,500, ya kama naira 450,000. Sau uku a shekara, naira miliyan 1 da dubu 350. To mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a ƙasar nan a 2024, wanda Jigawa ma ta ɗauka, naira 70,000 ne a wata, 840,000 a shekara. Wato ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar Dutse ko ya haɗa albashinsa na shekara kaf, bai ci ba, bai sha ba, ba zai iya riƙe tsakanin gira guda sumul ba har shekara ta zagayo.

To a nan haɗarin yake, 'yan uwa, kuma shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. Duk abin da mai kuɗi yake yi talaka ya kasa, sai an ƙirƙiro wa talaka na jabu. Ta gaskiyar a cikin sanyi ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, in an haɗa ta da ruwan allura kuma ba ta wuce kwana guda. Ku da kuka san halin wutar lantarki a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ku gaya mini wane firij ne zai riƙe wannan amana? Sannan sai wanda ya san taswirar tsokar fuska ne zai soka ta. In ya kuskure kaɗan, fatar ido ta faɗo ko baki ya karkace, a yi makonni a haka. In kuwa ta jabu ce, babu wanda ya san yawan dafin da ke cikin kwalbar.

Kada ku ce tsoratarwa nake yi. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da sanarwar mutane a jihohi da dama da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu ta jabu ko an yi musu a hannun wanda ba shi da izini. A 2025 a Ingila fiye da mutum 30 suka kamu da cutar dafin ta wannan hanya. Ingilar ma tun 2021 ta hana a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba don kwalliya. Waɗannan ƙasashe ne masu asibitoci da injin taimakon numfashi. To in a ƙauyenmu ne fa, da dare, a bayan babur?

Saboda haka ku riƙe alamomin nan. Wanda aka yi wa allura a fuska, bayan sa'o'i ko kwanaki ya fara ganin abu bibbiyu, fatar idonsa na faɗowa, haɗiya na yi masa wuya, maganarsa ta sarƙe, ko numfashi ya yi nauyi, ba na jiƙo ba ne, ba na kemis ba ne. A garzaya da shi babban asibiti, irin na Rasheed Shekoni a nan Dutse, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da aka yi masa, kada kunya ta sa a ɓoye.

Mun riga mun ga wannan hanya da man bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 NAFDAC ta ce lamarin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mayukan nan da yawa akwai sinadarai a cikinsu masu sa fata ta yi siriri ta kasa warkewa, wasu kuma suna taɓa ƙoda. Ga ƙwayar sha-ka-fashe, ga allurar hasken fata. Duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: a fara sa wa mutum ƙyamar halittarsa, sannan a sayar masa da magani.

Ta fuskar addini, malamai sun bambance tsakanin gyara lalura da sauya halitta. Sahabin nan Arfajah da aka sare wa hanci a yaƙi, Manzon Allah ya ba shi izinin sa na zinari. Wannan gyara ne. A 2007 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Malesiya, ta tsayar da cewa bai halatta a kawar da tamoji da tiyata ko allura ba, sai in ciwo ne ya kawo shi kuma an amince ba cutarwa. Ka ga wanda likita ya rubuta wa don ciwo, ya je ya yi, babu laifi. Wanda yake gudun tsufa ne, ya sani tsufa ba ciwo ba ne.

Na ce akwai ruwanmu, bari in ƙarasa. Wa yake cewa shi sai fara, ko mayya ce? Mu ne. Wa yake nuna wa matarsa hoton wata a waya, hoton da na'ura ta goge, ya ce kin ga mata? Mu ne. Yaron kemis da ake kira gida ya yi allura, ba ɗaya daga cikinmu ba ne? Mace ba ta soka wa kanta dafi don nishaɗi, tsoro ne yake kai ta, tsoron kishiya da tsoron saki. In muka cire mata tsoron, mun kashe kasuwar.

Don haka abu uku nake roƙonku. Mai aikin kemis, kada ka karɓi kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, kada kuma ka soka wa kowa allura a fuska, ba fanninka ba ne. Mai shirin aure, duba akwatinka, ka fitar da man bilicin. Mai iyali, ka koma gida ka dubi goshin mahaifiyarka, ka tuna wahalar wa ta zana layukan nan, sannan ka dubi matarka da wannan ido.

Allah Ya ba mu lafiya da wadatar zuci, Ya sa mu tsufa cikin mutunci.