Masu Kaɗa Ƙararrawar Hannu: Su Wane Ne, Kuma Me Ya Riƙe Su Tare?

(Jawabin da jami'in raya al'umma na hukumarmu ya gabatar a taron shugabannin ƙungiyoyin taimakon kai da kai)

 

Wata takarda ce ta iso ofishinmu daga matasan ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu. Sun ga bidiyon wasu Turawa suna kaɗa ƙararrawar hannu a sujadar Kirsimati, abin ya burge su, sai suka roƙe mu mu rubuta wa abokan aikinmu na ƙasashen waje domin a aiko musu da irinta. Ba mu ga laifinsu ba, gama kiɗan yana da daɗi ƙwarai. Amma kafin mu ba da amsa mun ga ya kamata mu duba mutanen da ke riƙe da ƙararrawar, mu san daga ina suka fito da yadda suka same ta. Amsar kuwa ta shafi kowace ƙungiya da ke zaune a nan, shi ya sa muka kawo ta gabanku.

Bari mu fara da yadda abin yake. Ana zuba ƙararrawar ne da tagulla haɗe da kuza, a sa mata mariƙi na fata ko na roba. Kowace ɗaya murya guda kawai take bayarwa. Mai molo yana da dukan muryoyin waƙa a hannunsa, amma a nan an rarraba su ga mutane. Saiti mai ƙararrawa 37 yakan bukaci mutum 11, kowa da biyunsa a hannu da wasu a gabansa bisa tebur da aka shimfiɗa wa soso. Za ka tsaya kana ƙirga a zuci har murya taka ta zo, ka kaɗa, sa'an nan ka danna bakin ƙararrawar a kafaɗarka domin ta yi shiru ta ba na kusa da kai hanya. Suna sa safar hannu saboda gumi yana ɓata ƙarfen. Idan mutum ɗaya bai zo ba, muryoyinsa ba su zo ba ke nan, waƙar za ta fito da giɓi kamar bakin da aka cire wa haƙori. A ƙungiyar mawaƙa ta coci mutum uku za su iya fashi ba wanda zai lura. A nan ba haka ba ne.

Asalin abin daga Ingila ne. Coci-cocin can suna da manyan ƙararrawa a kan hasumiya, waɗanda ake ja da igiya bisa wani tsari mai wuyar koyo. Masu jan igiyar mutanen ƙauye ne, manoma da masu sana'ar hannu. Koyo a hasumiya yana damun gari da ƙara, ga kuma sanyin ƙasar, saboda haka aka ƙera ƙanana waɗanda za a yi gwaji da su a cikin ɗaki. Ana danganta na farko da aka daidaita muryarsu ga wasu 'yan'uwa biyu maƙera, Robert da William Cor, na ƙauyen Aldbourne, tsakanin 1696 da 1724. Kada mu ɗauka waɗannan mutane tsarkaka ne. Sau da yawa a gidan giya suke gwajin, kuma a ƙarni na 19 limaman cocin Ingila sun yi ta kuka da masu kaɗa ƙararrawa, cewa sukan kira jama'a sujada su kuwa su sulale ba su shiga ba. Muna ganin wasu dattawa suna murmushi, da alama sun san irin wannan hali.

Inda abin ya yi ƙarfi sosai shi ne arewacin Ingila, a yankunan Lancashire da Yorkshire, ƙasar masaƙu da mahaƙar kwal. Yawancin masu kaɗawa a can leburori ne. Mutum zai wuni tsaye gaban injin saƙa, ya tashi da yamma a gajiye, ya wuce wurin gwaji ya sake tsayawa gaban tebur. Albashinsu kaɗan ne, ƙararrawa kuwa da tsada, don haka da karo-karo da gudummawar mutanen gari ake haɗa saiti, a ƙara kaɗan bana, a ƙara kaɗan baɗi, har wasu ƙungiyoyi suka mallaki fiye da 100. Tun daga 1855 aka riƙa yin gasa a dandalin Belle Vue da ke Mancesta, mutanen gari su cika jirgin ƙasa su raka 'yan ƙungiyarsu. Ƙungiyar Crosland Moor, daga gefen garin Huddersfield mai masaƙun ulu, tana cikin waɗanda suka yi suna a wannan gasa.

Wasu daga cikin mutanen Lancashire har Amurka suka kai. A shekarun 1840 wani mai shirya wasanni domin kuɗi, P. T. Barnum, ya ɗauki wata ƙungiyarsu ya kai ta can, amma bisa sharaɗin su bar gashin baki, su sa tufafin mutanen Suwizalan, a tallata su a matsayin 'yan Suwizalan. Gwanintarsu ce, amma sunan wasu aka sa mata, domin mai kuɗin ya ga haka zai fi kawo kasuwa. Mu da muke aiki da masu ba da tallafi ya kamata mu riƙe wannan labari.

Gasar Belle Vue ba ta wuce shekarun 1920 ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya kwashe samarin garuruwan nan, da yawa ba su dawo ba, sa'an nan rediyo da silima suka ɗauke hankalin waɗanda suka rage. Ƙararrawar ba ta lalace ba, tagulla ba ta ruɓewa. A cikin akwatuna ta zauna shekara da shekaru a ɗakunan ajiya na coci, ba mai taɓa ta. Sai a 1967 aka kafa ƙungiyar ƙasa ta masu kaɗa ƙararrawar hannu a Birtaniya.

A Amurka kuwa wata mace ce ta dasa abin, kuma ita ba 'yar leburori ba ce. Margaret Shurcliff 'yar wani likita ce a birnin Boston, mahaifinta mai sha'awar ƙararrawar hasumiya ne. A 1902 ta bi shi Ingila, ta nuna gwaninta wajen jan igiya har shugaban maƙerar Whitechapel ta Landan ya yi mata kyautar ƙananan ƙararrawa 8. Matar nan ta iya aikin kafinta, har tana koyar da shi, ga kuma 'ya'ya shida. A farkon shekarun 1920 ta tara 'ya'yanta da maƙwabta, suka riƙa zagaya unguwarsu ta Beacon Hill suna kaɗa waƙoƙin Kirsimati a ƙofar gidaje. Ku lura da tsawon lokacin: kusan shekara 20 tsakanin samun ƙararrawa da samun ƙungiya. A 1937 aka kafa ƙungiyar yankinsu, a 1954 aka kafa ta ƙasa baki ɗaya, ita ce kuma shugabarta ta farko.

Yau idan kun duba irin waɗannan ƙungiyoyi na unguwa a Ingila ko Amurka, za ku tarar da malamar makaranta kusa da nas, ɗan fansho kusa da yarinyar sakandare. Mai ƙarfi yakan ɗauki manyan, gama wasu sun haura kilo 3, tsohuwa mai saurin hannu ta riƙe ƙanana. Galibinsu ba a biyansu ko kwabo. Ƙungiyar Raleigh Ringers ta jihar North Carolina, wadda aka kafa a 1990, ta yi suna har a talabijin, duk da haka membobinta 'yan sa kai ne. Wanda bai iya karatun rubutun kiɗa ba akan rubuta masa da lambobi ko launuka, shi ya sa ake amfani da ita a gidajen tsofaffi da makarantun nakasassu. Abu ɗaya da ba a yi wa kowa sassauci a kai shi ne zuwa gwaji, ko kai likita ne ko mai shara. Wanda ya karanta 1 Korintiyawa sura 12, inda Manzo Bulus ya kwatanta ikilisiya da gaɓoɓin jiki, zai gane dalilin da ya sa coci-coci suka rungumi wannan kiɗa.

To, 'yan'uwa, ga ra'ayinmu. Ba mu goyon bayan a rubuta takardar roƙon yanzu. Saiti mai 37 kuɗinsa dubban daloli ne. Manyan kamfanonin da ke ƙera ta a Amurka, Schulmerich da Malmark, duk a jihar Pennsylvania suke, maƙerar Whitechapel kuwa ta rufe a 2017, wato ko ɗan ƙarfen ciki ne ya karye sai an nemo daga ƙetare. Amma ba kuɗin ne babban dalilinmu ba. Dukanmu mun san ƙauyen da aka kai wa injin niƙa ko rijiyar burtsatse kafin a sami mutanen da suka yarda su riƙe abin tare. Mun san inda injin yake yau. Leburorin masaƙa sun riga ƙararrawarsu haɗuwa, kuma da kwabonsu suka saye ta, shi ya sa ba wanda ya iya ɗauke ta ya kai gidansa ya ce tasa ce.

Kuma ba mu rasa abin farawa ba. Iyayenmu mata na Zumunta sun daɗe suna wannan aiki da tulu da kuge da caki: mai tulu ba ta shiga hurumin mai kuge, ranar da mai kuge ta yi fashi kowa a coci yakan ji. A cikinsu akwai gwauruwa, akwai matar Fasto, akwai mai sayar da ƙosai, kuma su suke sayen kayan kiɗansu.

Shawarar da muke kawo wa kwamiti ita ce, matasan su haɗa mutum 11, maza da mata, har da waɗanda ba su yi makaranta ba. Su nemi maƙerin gari ya ƙera musu kuge masu murya daban-daban daga aljihunsu, su roƙi iyayenmu mata su ba su mai koyarwa, su buɗe littafin rajista da na karo-karo. Bayan wata 6 sai su kawo littattafan biyu ofis, mu zauna tare da Fastonsu mu duba sau nawa kowane mutum ya zo gwaji. Haka kuma muke so a riƙa yi wa kowace ƙungiya da ta kawo takardar neman inji ko rance daga yau.

Shugaban taro, mun mayar maka da magana domin tambayoyi.