Samanja Mazan Fama: Bashin da Ke Kanmu



Mun taru ne domin tunawa da Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Kaduna cikin Nuwamba 2023. An haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, a ƙasar Nufe. Bai tsaya ga gadon gida ba. Ya yi aikin soja, ya kuma yi aiki a Rediyon Kaduna, sa'an nan ya kwashe abin da ya gani a bariki ya zuba cikin wasansa na talabijin.

Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Bakori da Funtuwa da Malumfashi duk a Jihar Kaduna suke. Iyayenmu kan dawo daga gonar auduga, su cika gidan mai akwatin talabijin domin kallonsa. Da Hausar bariki, wadda wasu ke rainawa, ya nuna wa talaka cewa soja ma mutum ne, yana kuskure, ana kuma yi masa dariya.

To, ina faifan wasannin nan suke yau? Kaset ba ya jure ƙura da zafi. Muna roƙon ƙungiyarmu ta rubuta wa tashar NTA Kaduna, a kwafe abin da ya rage, a ajiye a laburaren jami'a, kafin ya salwanta.

Allah ya jiƙansa, amin.