JINYAR MATASA A GIDAJEN GYARA HALI

Jama'a, wannan jawabi ya shafi matasan da larura ta raba su da gidajen iyayensu, aka tsugunar da su a wani gida na musamman domin a yi musu jinya. Waɗansunsu shan ƙwaya ne ya kai su, waɗansu taɓin hankali, waɗansu kuwa kotu ce ta tura su bayan sun yi laifi. Ko da wane dalili yaro ya shiga irin wannan gida, abin da ake nema shi ne ya fito da lafiya, ya koma cikin danginsa yana mai amfani.

Matsalar tana da girma. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a 2019, ya nuna cewa mutum wajen miliyan 14 da dubu 300, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. Iyayen da abin ya fi ƙarfinsu sukan miƙa 'ya'yansu ga duk wanda ya yi alkawarin shiryar da su. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka sami mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu ɗaure da mari, jikinsu duk tabon duka. Kafin shekarar ta ƙare an gano waɗansu gidaje irinsa a Daura da Ibadan. Galibinsu kuwa danginsu ne suka kai su da hannunsu, da zaton alheri suke yi musu.

ABIN DA YA SA BULALA BA TA WARKARWA

Masana sun tabbatar da cewa sashen ƙwaƙwalwa na gaban goshi, wanda yake sa mutum ya auna abu kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saboda haka saurayi yakan riga tunaninsa aikatawa. Har wa yau, yaron da ya tashi cikin duka ko wulakanci ko rashin mai kula, jikinsa yakan saba da zaman ɗar-ɗar, ƙaramar tsawa ta ishe shi ya yi faɗa ko ya gudu. Idan aka ƙara masa duka, tsoron nan ne aka ƙara wa ƙarfi. Zai yi ladabi muddin mai bulala yana tsaye, amma ranar da aka sake shi zai koma gidan jiya.

Haka kuma wanda jikinsa ya saba da taramadol ko kodin, in aka yanke masa farat ɗaya yakan yi fama da ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci. Wannan ciwo ne wanda likita ya san yadda ake sassauta shi, sasari kuwa ba ya rage komai daga cikinsa.

DARASI DAGA ARO

Nijeriya tana da abin koyi na kanta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a asibitin Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai aka sauke su a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana su je asibiti karɓar magani, sa'an nan su koma masauki su ci gaba da zama cikin mutane. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuwa Dakta Lambo daga baya ya zama Mataimakin Babban Darekta na Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da aka koya shi ne, majinyaci ya fi samun sauƙi idan ba a yanke shi daga danginsa ba.

SIFFOFIN GIDA NAGARI

Na farko, ranar da yaro ya shiga, likita ya duba jikinsa da hankalinsa, a rubuta tarihinsa, a shirya masa tsarin jinya irin wanda ya dace da shi, gama ciwon wani ba shi ne na wani ba.

Na biyu, a ba kowane yaro ma'aikaci guda wanda ya san shi ciki da bai, wanda zai saurari kukansa ya kuma riƙe asirinsa. Yaron da manya suka sha yaudararsa ba ya sake amincewa da kowa sai ya ga wani babba da ke cika alkawari kullum. Domin haka yawan sauya ma'aikata yana rushe aikin watanni.

Na uku, a tsara yini: lokacin tashi, da na abinci, da na karatu, da na wasa, da na barci. Idan yaro ya karya doka, hukuncin ya zama wanda ya sani tun farko, kamar gyara abin da ya ɓata. Kada a hana shi abinci, kada a kunyata shi gaban 'yan'uwansa.

Na huɗu, a koya masa karatu da sana'a. Wannan shi ne manufar makarantun horon matasa 'yan shekara 16 zuwa 21 da ke Kakuri ta Kaduna, da Ilori, da Abekuta. Saurayin da ya fito da aikin kafinta ko ɗinki a hannunsa yana da abin da zai hana shi komawa majalisar 'yan shaye-shaye.

Na biyar, a fara shirin sallama tun daga ranar shiga, kuma bayan sallama ma'aikacin jin daɗin jama'a ya riƙa kai ziyara, domin watannin farko su ne mafi haɗari wajen komawa ga ƙwaya.

MATSAYIN DOKA

Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta haramta azabtar da yaro ko ƙasƙantar da shi, ta kuma ce kada a tsare yaro sai in babu wata hanya. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mai da gallazawa laifi. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma kāre mutuncin majinyaci.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN IYAYE

Kafin uba ya miƙa ɗansa, ya fara kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, da Yaba ta Ikko, da Aro. In an ce lalle sai ya zauna a gidan jinya, uba ya nemi ganin takardar rajista, ya shiga ya ga makwanci da madafa da makewayi, ya tambayi sunan likitan da ke zuwa. Gidan da ya hana iyaye ganawa da ɗansu a kaɗaice, to, a guje shi. Bayan an karɓi yaro, iyaye su lizimci ziyara, su kuma gyara abin da ke gida wanda ya taimaka wajen lalacewarsa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwara da ƙarfi yakan karya. Wanda duk ya san gidan da ake ɗaure yara ko ake dukansu da sunan jinya, ya gaggauta sanar da 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a mafi kusa da shi.