Jirgin Garinmu Da Masu Tuƙa Shi

Jawabin magatakardan 'yan jirgi ga taron ƙungiyar 'yan gari, kwana biyu bayan Sallar Layya.

Maigari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta malam. Iyayenmu dattawa, ina gaishe ku da zama. 'Yan'uwa da kunka zo Salla daga Abijan da Ikko da Kamaru da Agadas da Libiya, barkanku da hanya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, takardar ga za ta iske su, wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Shugaba ya ce in tashi in yi bayanin 'yan jirgi, don maganarsu ta yi yawa cikin gari tun kaka, har ta kai ga wayoyinku can inda kuke biɗa. Wasu an gaya musu yaro ya nutse. Wasu an ce musu dattawa sun hana jirgi. Duka biyun ba haka abin yake ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Littafin 'yan jirgi ga hannuna yake, kuma ina bakin tabki ran da abin ya faru, don haka zan faɗi abin da na gani.

Ku yi mini haƙuri in fara daga baya kaɗan. Mu mutanen ƙasar Alela mutanen tudu ne. Kakanninmu sun san hauya, sun san jaki da raƙumi, ruwan da sunka sani shi ne na rijiya da na korama mai wucewa. Babu wanda ya gaji jirgi a nan. Ruwan ne ya zo ya iske mu. Dattawa na tune da Ɗan Dutsi, can wajen Bagaruwa: ɗan tabki ne da ke ƙafewa da rani, gonakin hatsi da dawa kewaye da shi. Da fari ya kare, ruwan watan Yuli na 1974 ya cika kwarin, ya cinye gonaki, ya zama tabki mai kusan hekta 1,800, har anka zuba kifi ciki. A 2005 an sa shi da na Tabalak cikin jerin dausayin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa. Gabas da mu kuma, zamanin Seyni Kunce, anka datse Maggiya a Mozage da Zango don noman rani na Ƙonni, ruwa ya riƙa kwana inda da ba ya kwana. Manoma da yawa cikin jihar Tawa sun wayi gari da ruwa bakin ƙofa, ba su san hannunsa ba.

Namu tabkin bai kai waɗannan ba, amma kun san halinsa. In damana ta yi kyau yana raba gari da fadama, ya raba mu da hanyar kasuwa wata uku ko huɗu. Kafin jirgi, sai a kewaya tafiyar rabin yini, ko a tuɓe a ɗora kaya bisa kai a shiga da ƙafa. Sai Allah ya kawo mana wani tsoho Basarke daga ƙasar Kabi, da gorarsa da homarsa. Kwana bakwai ya ce zai yi, ya shekara tara, nan anka rufe shi, Allah shi jiƙansa. Shi ya koya ma samarinmu iyo, da kwanciya bisa gora, da riƙon filafili, da yadda ake karanta iska bisa fuskar ruwa. Jirgin kuwa ku 'yan biɗa kunka tara kuɗɗinsa. Ba mu manta ba.

To mene ne aikin 'yan jirgi in ba fito ba? Wanga shi ne abin da na fi so waɗanda ke nesa su ji, don wasu na tsammanin taron zaman banza ne.

Kowace Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa gindin tsamiyar mashigi. A ɗora shayi, a buɗe littafi, a karanta abin da fito ya kawo cikin mako, kowa na ji. Kashi ɗaya na wanda ya tuƙa, kashi ɗaya na gyaran jirgi, na ukku shi shiga asusu. Mai ciki da mara lafiya da 'yan lakwal ba su biya, gawa ma ba a karɓar ko dala a kanta. Asusun nan ƙarami ne, amma ya sayi ragon suna ga wanda haihuwa ta iske hannunsa wofi, ya kuma kai matar ɗayanmu likita da tsakad dare. Bayan lissafi sai hira. Nan ake sasanta wanda ya taɓa tarun wani, nan ake yi ma saurayi faɗa in ya fara shaye-shaye, faɗan da ba zai ji daga bakin ubansa ba amma yana ji daga bakin abokan filafilinsa. Akwai samari shida cikinmu da sunka riga sunka ɗaure jaka za su Libiya, sunka kwance. Ban ce jirgi ya azurta su ba. Ya dai ba su abin tashi da safe, da wurin zama da marece.

Ranar gyaran jirgi kuwa gayya ce sosai. A jawo shi tudu a kife, a ciro katakon da ya ruɓe, a cusa auduga cikin tsaga, a narka kwalta a shafe. Mata su kawo fura. Tsofaffi su zo su zauna inuwa suna ba da shawara, har waɗanda ba su taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba, kuma su sunka fi kowa sanin inda ƙusa za ta shiga. Muna jin daɗin zuwansu, kada su fasa.

Sai maganar su. Mun sa ma kanmu doka: daga farkon ruwa har kifi shi gama ƙwai babu mai jefa taru. Wanda anka kama yana su da gidan sauro, tara ce, don gidan sauro ba ya barin ko ɗan tarwaɗa mai tsawon yatsa, kuma likita ta ba da shi ne don ɗiyanmu su kwana ciki. Masu su na da takardarsu ta ma'aikatan ruwa da daji. Ranar buɗe ruwa, kamun farko ba a sayar da shi. A kai gidan Maigari da na Liman, saura a raba ma gidajen marayu. Tarwaɗa da karfasa da ke biyo baya matanmu ke banda su, su kai Ƙonni, wani lokaci har Illelar Najeriya. Sun ji jiki lokacin da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024 da anka buɗe. Watannin nan asusun jirgi ne ya ranta ma wasunsu jari.

Abin da ya fi jawo magana shi ne tseren bayan girbi. Jirginmu ɗaya ne, don haka maƙwabtanmu na ƙetaren tabki ke kawo nasu. Kun san abin da ke tsakaninmu da su kan iyakar fadama tun zamanin iyaye. To ranar tsere suna zuwa da makaɗansu, su ci tuwonmu, mu ci nasu. Bara sun cinye mu, kuma har yau ba su bar mu mun sha ruwa ba. Wanda ya raina wasan ruwa shi dubi Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama bayan gabar shekaru masu yawa tsakanin Sakkwato da Kabi, anka yi masa su don girmamawa. Daga nan bukin ya kafu, da tseren jirage da kabanci a Matan Fada, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Namu ɗan ƙarami ne, amma shekara uku ke nan ba a kai ƙarar fadama gaban hukuma ba.

Yanzu ga abin da ya faru. Ranar kasuwa ce, cikin kaka, da hantsi. Jirgi ya riga ya cika: mata da ƙwaryarsu, buhunan wake, akuya biyu. Mai tuƙi yaro ne ɗan shekara ashirin, ya iya aikinsa. Yana shirin turawa sai ga wani babba daga cikin iyayenmu da babur, ya ce a ɗora. Ba zan faɗi suna ba, kuma don Allah kada kowa shi waiwaya. Yaron ya dubi bakin jirgi, ya ga saura kamar yatsa huɗu ruwa shi shiga. Ya sani sarai. Amma mai babur sa'an ubansa ne, ya kuwa sunkuyar da kai ya ce to Baba. Sun kai tsakiya iska ta taso, akuya ta zabura, mata sunka karkata gefe guda, ruwa ya shigo. Wani yaro ɗan shekara bakwai ya faɗa. Wanda ya fid da shi ɗan shekara goma sha biyu ne, cikin yaran da muke koya ma iyo ranar Lahadi. Ya kamo shi ta baya yadda anka koya masa, ya riƙe kansa sama har anka miƙa musu gora. Babur na nan ƙasan tabki sai da ruwa ya janye. Rai dai bai salwanta ba, alhamdu lillahi.

Daren nan dattawa sunka taru, wasu sunka ce a ɗaure jirgi, a hana yara zuwa bakin ruwa, a bar tsere. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne na iyaye. Kuma tsoron na da dalili. A watan Mayu 2021 jirgi ya kife kusa da Wara cikin jihar Kabi da mutum fiye da 150, kaɗan sunka fita. A watan Agusta 2025 wani ya kife da mutum fiye da 50 a kan hanyar kasuwar Goronyo, nan kusa da mu. In kun bi labarin irin waɗanga haɗurra, abu biyu za ku riƙa ji: kaya sun fi ƙarfin jirgi, kuma babu rigar ruwa jikin kowa.

Amma iyayena, in an ɗaure jirgi tabki ba ya tashi. Damanar 2024 kun ga ruwan da anka yi, wanda ya kashe mutum fiye da 300 cikin Nijar. Mai naƙuda za ta haihu ko akwai jirgi ko babu. Yara kuma za su je ruwa ko mun hana, sai dai su je a ɓoye, babu babba kusa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ran nan iya ruwan ɗan wani ne ya fid da ɗan wani.

Abin da ya kusa kashe mu ran nan kunya ce. Mun yi ma ɗiyanmu tarbiyya kada su musa ma babba, kuma tarbiyya ce mai kyau bisa tudu. Cikin jirgi tana iya kashe mutum goma sha biyar. Yaro ba shi iya ce ma sa'an ubansa sauka, sai in ku kunka ba shi bakin faɗi. Don haka roƙona na fari gare ku yake, Maigari da Liman da dattawa: ku faɗa da bakinku, yau, gaban jama'a, a kuma maimaita ga masallaci ran Juma'a, cewa daga mashigi zuwa mashigi maganar mai filafili ita ce magana, ko wa ke ciki. Mun shafa jan fenti jikin jirgi. In ruwa ya taɓa jan nan, wanda ya zo ƙarshe shi sauka shi jira sawu na biyu, ko da rawani bisa kansa. In Maigari ya yarda a fara da shi, babu wanda zai ji an wulaƙanta shi.

Ku ma kuna da ƙorafi a kanmu, kuma mun karɓa. Gaskiya ne ranar tsere la'asar na kuɓuce ma wasu, kuma samari da 'yammata na kaiwa dare bakin ruwa. Bana za a fara da hantsi a tashi kafin la'asar. Gaskiya ne kuma akwai tsargiya; yaran da ke yawan shiga ruwa wasu na fitsarin jini. Cutar daga 'yan katantanwar da ke cikin ciyawar bakin ruwa take fitowa, kuma tana komawa ruwa ne in mai ita ya yi fitsari ciki. Tana da magani, ana rabonsa a lakwal. Mun ɗauki alkawarin duk yaron da ke koyon iyo sai ya sha, kuma za mu gina makewayi nesa da mashigi. Kurkunu ma da haka anka rabu da shi, da tace ruwa da jin magana, har anka tabbatar a 2013 babu shi cikin Nijar.

Roƙona na biyu gare ku 'yan biɗa. Na ji 'yan'uwanmu na Abijan sun yi shawarar sayo mana inji. Allah shi saka da alheri, amma ku dakata. Tabkinmu ba shi da zurfi, rairayin korama na cike shi kowace shekara, kacalla kuma ta ci gefen gabas. Inji zai riƙa sarƙewa, ga kuɗɗin mai, ga shi babu mai gyara kusa. Kuma yaro in ya ji inji ƙarƙashinsa sai ya ga kamar jirgi ya ƙara girma. Abin da muke bukata jirgi na biyu ne na katako, don ranar kasuwa a raba kaya da mutane, da rigunan ruwa ashirin, goma na manya goma na yara. Kuɗɗin inji ɗaya ya isa wannan duka har da canji. Wanda ke Ikko ko Kwatano, inda rigunan ke da sauƙi, in ya sayo biyu ya sa cikin kayansa ya fi mana ya aiko da kuɗɗi. Ku duba masu igiya da maɗauri mai ƙarfi, kada a sayo na wasan yara da ake hurawa da baki.

Ma'ajin ƙungiya zai zauna nan bayan an tashi, da littafi, kowa a rubuta abin da ya ba da gaban idonsa. Na nesa su ba wakilin garin da suke, shi aiko gaba ɗaya kafin ruwa shi sauka, don masassaƙi na son wata guda. Gayyar gyaran tsohon jirgi kuma ran Asabar mai zuwa ce da safe. Muna da kwalta, auduga ce ta gaza, wadda ke da tsohuwar katifa ta taimaka.

Maigari, na gama. Saura naka.