JAWABIN FASTO A ZAGAYEN ƘARSHE NA GASAR WAƘA TA MATASA



Da gangan muka sa wannan gasa cikin bikin cikar Ikkilisiyarmu shekara 50. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932, amma iyayenmu da yawa ba su iya karatu ba. Ta bakin mawaƙa suka haddace Maganar Allah. Daga Littafin Waƙoƙi aka fara, daga baya iyayenmu mata suka shigo da tulu da kacau-kacau, suka ɗora bishara a kan muryoyin gida. Yawancin masu waƙoƙin nan sun riga mu gidan gaskiya. Idan ba ku karɓa daga bakin waɗanda suka rage ba, waƙoƙin za su bi su kabari.

Saboda haka muka roƙi alƙalai kada su tsaya ga zaƙin murya kaɗai. Su saurari kalmomi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, in mawaƙi ya karkatar da kalma domin ta bi kiɗa, ma'ana ta ɓace. Tsohuwar da ke bencin baya ta ji abin da aka faɗa? Wannan ita ce babbar tambaya.

'Ya'yanmu, ku duba 1 Tarihi sura 25. Sarki Dawuda ya keɓe gidajen Asaf, Heman da Yedutun domin waƙa a gidan Ubangiji. Horarrun mawaƙa 288 ne, aka raba su kashi 24. Da aka zo rabon aiki kuwa kuri'a aka jefa, malami da almajiri duk ɗaya. Gwaninta da tawali'u tare suka tafi.

Mutum ɗaya ne zai ɗauki kofi yau. Wanda ya ci, kada ya raina ƙungiyar mawaƙan da ta rene shi. Wanda bai ci ba, muna jiransa a wurin koyon waƙa kamar kullum, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye kuma, kada a yi fushi da alƙalai.

Roƙonmu ɗaya ne: kowannenku ya nemi tsoho ko tsohuwa, ya koyi waƙa guda daga bakinsu, ya rubuta ta kafin shekara ta juyo.

Ubangiji ya albarkaci muryoyinku. Amin.