Amurka da Sin: a tare ta, ko a tafi tare?

Tambayar da anka ba ni yau ita ce: babbar ƙasa, in ta ga wata na tasowa, ta tare mata hanya ko ta jawo ta a yi aiki tare? Maganar Amurka da Sin ke nan.

Amurka ta gwada duka biyu. A 1972 Shugaba Nixon ya tafi Beijing, a 2001 Sin ta shiga ƙungiyar kasuwanci ta duniya da goyon bayan Amurka. Da Sin ta yi ƙarfi, sai rawa ta canza: haraji bisa kayanta daga 2018, takunkumi bisa Huawei a 2019, a 2022 kuma anka hana sayar mata da ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi ƙarfi. Mi ya biyo baya? A 2023 Huawei ta fito da salula mai ƙwaƙwalwar da anka ƙera cikin Sin. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Kada ku ce faɗan nesa ne. Lokacin da Amurka ke tare Tarayyar Sobiyet, wa ya biya? Kwango ta rasa Lumumba a 1961. Angola ta faɗa yaƙi a 1975, kowane ɓangare da mai ba shi makamai, bai ƙare ba sai 2002. Amma ƙasashen nan biyu, da sunka haɗa hannu kan rigakafi, agana ta ɓace daga duniya, anka tabbatar a 1980. Ku tambayi kakanninku abin da agana ta yi ma ƙauyukanmu.

Shi ya sa nike bayan haɗin kai, amma mai sharaɗi. Sin ba waliyiya ba ce: mutanen Taiwan da Filifin na da dalilin jin tsoronta. A yi gasa, a gindaya doka, a bar ƙofar magana buɗe kan yanayi, cututtuka da bashi.

Mu fa? Kamfanin CNPC na Sin ne ya gina matatar SORAZ kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, da bututun mai na kusan kilomita 2,000 zuwa Benin. Sojan Amurka sun bar Agadas a 2024. In gabar ta tsananta, za a ce muna mu zaɓi gefe, wanda ya zaɓa kuma ba ya iya ciniki.

Don haka mu daina tafi kamar masu kallon balo, wanga na Sin, wancan na Amurka. Duk wanda ya zo, mu nemi a buga yarjejeniyar a fili: nawa ne rabonmu, matasa nawa za a ɗauka aiki, wa zai biya bashin?

Yanzu sai tambayoyinku.